Shin Takarda Na Iya Auna Halin Mutum?

  A wannan mako wasiƙu uku muka ware daga cikin waɗanda suka iso mu, domin ko da yake daga garuruwa dabam-dabam suka fito, magana ɗaya suke yi, watau maganar hali, da yadda mutum zai gane wanda ya kamata ya damƙa wa aikinsa ko dukiyarsa.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Jihar Kano. Ya ce ɗansa ya gama makaranta ya nemi aiki a wani kamfani, sai aka zaunar da shi gaban kwamfuta aka jero masa tambayoyi, babu lissafi babu Turanci, sai irin su "Kana son shiga taro?" da "Kana gama aikin da ka fara?" Bayan mako biyu aka aiko cewa bai dace ba, yanzu yaron ya shiga damuwa. Alhaji ya ce mu gaya masa wannan wane irin duba ne, kuma in abin gaskiya ne, ina zai sami irin takardar ya gwada yaran shagonsa, don ya gaji da ɗaukar yaro yau, gobe ya gudu da ciniki.

To Alhaji, ranka ya daɗe, mun gode. Abin da aka yi wa yaron nan ba duba ba ne. Gwajin hali ake ce masa, kuma ya fito ne daga wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam wanda ya keɓanta da ma'aikata da wuraren aiki. Asalinsa daga yaƙi ne. Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, an riga an lura cewa ƙarar igwa da bama-bamai kan gigita sojoji da yawa, wani ya kasa barci, wani jikinsa ya riƙa rawa, alhali harsashi bai taɓa shi ba. Sai wani malamin Jami'ar Columbia mai suna Robert Woodworth ya shirya tambayoyi 116, kowace amsarta i ko a'a, domin a tace masu raunin zuciya tun kafin a tura su fagen fama. Yaƙin ya ƙare a 1918 kafin a ci moriyar takardar sosai, amma daga baya masu kamfanoni suka ga abin ya yi musu, suka ce su ma suna so su tace ma'aikata.

An daɗe ana gardama a kan halaye nawa ne ma za a auna. A 1936 wasu masana biyu, Gordon Allport da Henry Odbert, suka bi wata dabara, cewa duk halin da ya dami mutane, lalle sun raɗa masa suna a harshensu, kamar yadda muke da rowa da kyauta da ƙyuya da kawaici. Suka ɗauki babban ƙamus na Turanci suka bi shi shafi-shafi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta rairaya, suna haɗa kalmomin da ke tafiya tare, domin an lura wanda aka ce yana da tsari, yawanci shi ne ake cewa yana cika alkawari, shi ne kuma ke zuwa a kan lokaci. A 1961 wasu ma'aikatan bincike na rundunar sojan saman Amurka, Tupes da Christal, suka ga cewa in an gama rairayar, gida biyar ne ke saura.

Gida na farko shi ne himma da tsare aiki. Na biyu sakin jiki da jama'a, watau mutum mai son taro da hira. Na uku sauƙin kai da tausayi. Na huɗu kwanciyar rai, kishiyar saurin damuwa da fargaba. Na biyar kuwa son sabon abu da son sani. Kowane mutum yana da rabonsa a kowane gida, wani da yawa wani kaɗan, kamar dai tsawo, inda dogaye ƙwarai da gajeru ƙwarai kaɗan ne, yawancin mutane suna tsaka-tsaki. Mai yiwuwa irin wannan ma'auni ne aka sa wa ɗanka a gaba.

To, yana aiki kuwa? A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Barrick da Mount, suka tattara bincike 117 da aka yi a kan ma'aikata iri-iri, da 'yan sanda da manajoji da masu tallar kaya da masu aikin hannu, suka haɗa sakamakon wuri ɗaya. Suka tarar gida ɗaya ne ke da alaƙa da kyan aiki a kowace sana'a, watau himma da tsare aiki. Sakin jiki da jama'a kuwa ya fi amfani ga masu sayar da kaya da masu shugabancin ma'aikata, abin da ba zai ba ɗan kasuwa mamaki ba. Amma fa a kula da girman alaƙar. In ka raba masu neman aiki 200 gida biyu, 100 da takarda ta ce sun fi himma da 100 da ta ce ba su kai ba, sa'an nan ka ɗauke su duka aiki, waɗanda za su shiga sahun rabin da ya fi ƙwazo daga gidan farko za su haura 50 amma ba za su kai 60 ba, saura 40 da 'yan kai kuma daga ɗaya gidan za su fito. Ka ga ke nan takardar ta fi canki-canki, amma a kowace rana tana korar mutanen kirki da dama, tana kuma shigar da malalata. Ga shi kuma mai neman aiki ya san amsar da ake so. Wa za a tambaya ko yana cika alkawari, yana neman abinci, ya ce a'a?

Saboda haka Alhaji, ka gaya wa yaron nan ya kwantar da hankalinsa. Takardar ba ta yanke masa hukuncin mugun hali ba, ba ta ma da ikon yin haka. Ya ci gaba da nema.

Akwai kuma wani abu da zai ba ka sha'awa. Abin da ya fi damunka shi ne amana, amma cikin gidajen nan biyar babu inda amana ta sami gida nata na kanta. Sai a wajen 2004 wasu masana biyu a Kanada, Michael Ashton da Kibeom Lee, da abokan aikinsu, suka duba irin wannan rairayar kalmomi da aka yi a wasu harsuna, kamar na Koriya da Holan da Italiya da Folan, suka ga gida na shida yana fitowa, na gaskiya da rashin girman kai. Alhali kuwa tun 1974 wani Bature da ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, A. H. M. Kirk-Greene, ya buga wata lacca a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lasafta siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Watau abin da ma'aunin Turanci ya yi jinkirin warewa, Bahaushe da shi yake fara lissafi.

Wannan ya kawo mu ga wata matsala. Mudun da aka ƙera don wata kasuwa ba lalle ne ya yi daidai a wata ba. A 2013 aka buga wani bincike da aka yi a kan mutanen Tsimane, wata ƙabila ta manoma da mafarauta a dajin ƙasar Bolibiya. An fassara musu tambayoyin an yi wa mutum fiye da 600, amma gidajen biyar ba su fito ba, sai manyan gida biyu, kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A 2019 kuma wasu masana suka duba amsoshin mutum fiye da 90,000 daga ƙasashe 23 masu tasowa, har da Ghana da Kenya, suka ga cewa in ma'aikaci ne ya zo ya karanta wa mutum tambayoyin fuska da fuska, ma'aunin yakan rikice. Dalili kuwa kowa a cikinku ya san shi. Baƙo ya zo ƙofar gidanka da takarda da biro, ya ce kai mai haƙuri ne, ka ce i, ya ce kai mai saurin fushi ne, ladabi ya sa ka sake cewa i. Fassara ma takan juya ma'ana, shi kansa mai tambayar yanayinsa yakan canza amsa.

Sa'an nan a yi hattara da masu yawo da takardu ko saƙon waya suna cewa a biya su faɗa wa mutum halinsa. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar sakamakonsa, ya ce kowa ya ba ta maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya haura huɗu. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto maganganun, irin su cewa kana son mutane su yaba maka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Wa wannan bai dace da shi ba? In takarda ta faɗi abin da ya yi daidai da kai, ka tambayi kanka ko bai yi daidai da maƙwabcinka ba.

To me za ka yi da yaran shago? A 2022 wani farfesa na Jami'ar Minnesota, Paul Sackett, da abokan aikinsa suka sake auna duk hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka ga wadda ta zo kan gaba ita ce ganawa mai tsari, kuma gwada mutum da ainihin aikin yana cikin na sahun gaba, duka biyun sun fi takardar hali nesa. Ganawa mai tsari ba ta bukatar kwamfuta. Kafin yaran su zo, ka shirya tambayoyi biyar ko shida da suka shafi aikin, ka yi wa kowane yaro su ɗin dai, a jere ɗaya, ka ba shi maki nan take kafin na gaba ya shigo. Alal misali: "Mai saye ya dawo ya ce buhun da ka auna masa bai cika ba, ni kuma ba na nan, me za ka yi?" Ko kuwa: "Ba ni labarin ranar da kuɗin wani suka salwanta a hannunka, yaya kuka ƙare?" In da hali ka sa wani amininka ya zauna ya ba da nasa makin, ku gwama daga baya. Abin da ba shi da ƙarfi shi ne hirar nan ta ɗan wa ne kai, wane gari ne naku, wadda a ƙarshenta wanda ya fi iya baki ko ya fi kama da kai shi ke samu.

Daga nan sai ka ba shi mudu ya auna, ka ba shi allura ya ɗinke buhu, ka sa shi lissafin canji, ka ga yadda zai rubuta bashi a littafi. Manomi mai neman ɗan ƙwadago ya ba shi kunya biyu ya nome, sa'an nan ya taka har ƙarshen gona ya duba can inda mai gona ba ya yawan zuwa. Bugu da ƙari ka tambayi waɗanda suka zauna da shi. Binciken da aka tattara a 2010 da 2011 ya nuna cewa shaidar da wasu suka ba da a kan halin mutum ta fi tasa shaidar nuna yadda zai yi aiki. Sai dai kada ka tsaya ga mutum ɗaya, domin wani tsohon ubangida yana da ƙullin zuciya, wani kuma so yake ya rabu da ƙaya. Ka ji daga biyu ko uku. Amana kuwa a riƙa ba da ita kaɗan-kaɗan, yau cinikin wuni ɗaya, gaba na mako, ana lissafi a kan kari. Ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Wasiƙa ta biyu daga wani manomi ce a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ya ce kullum ku mutanen rediyo sai ku ce masana sun gano kaza, bayan 'yan shekaru ku dawo ku ce masana sun gano akasinsa. Su waɗannan masana wa ke bin sawunsu, kuma ta yaya talaka zai san ba ƙarya suke shara mana ba?

Malam, wannan tambaya ta yi ma'ana, su kansu masanan sun yi wa junansu ita, kuma abin da suka gano bai yi musu daɗi ba. Bari in ba ka labari uku.

Na farko, daga 1924 an yi wani gwaji a wata babbar masana'antar kayan tarho da ake kira Hawthorne, kusa da birnin Shikago. Ana so a ga ko ƙarin hasken fitila zai sa ma'aikata su ƙara aiki. Labarin da ya bazu shi ne, in an ƙara haske aiki ya ƙaru, in an rage ma ya ƙaru, saboda haka aka ce sanin cewa ana lura da su ne ke sa ma'aikata ƙwazo. Shekaru da dama ana koyar da wannan a jami'o'i, alhali an ɗauka ainihin alkaluman gwajin fitilar sun ɓace. Sai wasu masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka tono su a ɗakunan ajiye littattafai, suka buga abin da suka gani a 2011. Ashe ranar Lahadi ake canza fitilun, lokacin da masana'anta ke rufe, ran Litinin sai a ga aiki ya fi na Asabar. Da suka duba makonnin da ba a taɓa fitila ba, sai suka ga nan ma aikin Litinin ya fi na Asabar. Kamar mutum ne ya canza hula kowace jajiberin kasuwa, ya ce hular ce ke kawo masa ciniki.

Na biyu, a 2011 asirin wani shahararren farfesa a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan ya tonu, sunansa Diederik Stapel. Shekara da shekaru yana buga sakamakon binciken da bai yi ba, yana zama shi kaɗai ya ƙirƙiro alkaluma, ya ce daga makarantu ya samo su. Wasu matasan masu bincike uku na sashensa ne suka lura alkaluman sun cika kyau fiye da kima, suka kai ƙara. Ya rasa aikinsa, aka janye rubuce-rubucensa fiye da 50. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma abin da ya ba shi damar daɗewa shi ne ba a saba cewa kawo mu gani ba.

Na uku shi ya fi girma. Wani farfesa na Jami'ar Virginia, Brian Nosek, ya tara masu bincike 270 daga ƙasashe da yawa, suka zaɓi bincike 100 da manyan mujallu uku na wannan fanni suka buga a 2008, suka sake yin kowane ɗaya daga farko. A 2015 suka ba da sakamako. Cikin ɗarin nan, 97 sun ce sun gano wani abu tabbatacce, amma da aka maimaita, kimanin kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake fitowa, kuma ƙarfin abin da aka gani ya ragu da kusan rabi.

Yawancin waɗannan ba maƙaryata ba ne irin Stapel. Abin da ke faruwa ya fi kama da wannan. A ce mai sayar da sabon irin gero ya shuka shi a gonaki 20, ya yi kyau a biyu saboda suna kusa da fadama, ya lalace ko ya yi daidai da tsohon iri a 18. Sai ya kwashi mutane ya kai su gonaki biyun nan. Bai yi ƙarya ba, geron da suka gani gero ne, amma ya ɓoye sauran. Haka mujallu suka fi son buga binciken da ya gano wani abu, wanda bai gano kome ba sai ya ƙare a cikin akwati. Wani kuma mutum 30 kawai zai gwada, ya yanke hukunci a kan duniya. Wani sai ya harba kibiya tukuna, sa'an nan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi, ya ce nan ya nufa.

Maganin da suka fito da shi suna kiransa bincike a fili. Kafin mutum ya fara, sai ya rubuta abin da yake zato, da yawan mutanen da zai gwada, da yadda zai yi lissafi, ya ajiye a wani rumbu na intanet mai ɗauke da kwanan wata, yadda ba zai iya canzawa a ɓoye ba. Wata cibiya da Nosek da abokinsa suka kafa a 2013 tana riƙe da irin wannan rumbu. In ya gama, sai ya baje alkalumansa da tambayoyinsa kowa ya duba, kamar mai awo da ke auna hatsi a gaban mai saye. Wasu mujallu ma yanzu sukan karɓi bincike tun yana tsari, su yi alkawarin bugawa ko ya gano abu ko bai gano ba. Sa'an nan ana ƙarfafa wasu can dabam su maimaita. Da aka yi wa ma'aunin gidaje biyar irin wannan bin sawu a 2019, wani malami mai suna Christopher Soto ya sake gwada alaƙa 78 da aka ce akwai tsakanin hali da al'amuran rayuwa, kusan kashi 87 cikin ɗari suka sake fitowa, ko da yake da ɗan rauni, kuma a kan Amurkawa aka yi. Shi ma aikin Sackett da na ambata gyara ne ga wani babban lissafi na 1998, wanda ya sa gwajin kaifin ƙwaƙwalwa a sahun gaba, aka yi shekara fiye da 20 ana dogara da shi kafin a gano an zuzuta alkaluman wajen lissafi.

Saboda haka Malam, in ka ji an ce masana sun gano, ko daga bakina ne, ka yi tambayoyin da za ka yi wa malamin gona in ya kawo sabon iri. A gona nawa aka gwada? A ƙasa irin tamu ko a wata? An shuka tsohon iri a gefe don a gwama? Wani dabam ya gwada ya sami haka? Wanda ya yi gwajin, shi ne kuma mai sayarwa? Canza magana bayan sabon gwaji ba abin kunya ba ne ga masani. Wanda za ka guda shi ne mai hana a leƙa buhunsa.

Wasiƙa ta uku daga wata Hajiya ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Zangon Kumasi. Ta ce tana so ta bar wa 'yarta sana'ar, amma yarinyar sai an ce yi take yi, kuma tunda an ce hali zanen dutse ne, ko ta haƙura?

Hajiya, kada ki haƙura tukuna. Gaskiya ne hali yana da naci, amma wani nazari na 2006 da ya haɗa bincike 92 da aka bi mutane shekara da shekaru ya nuna cewa yawancin mutane sukan ƙara himma da kwanciyar rai yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Kuma ga wani gwaji da aka yi nan kusa da ku, a Lome ta ƙasar Togo. A 2014 masu bincike na Bankin Duniya tare da wani farfesa Bajamushe, Michael Frese, suka ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500, fiye da rabinsu mata, suka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a, 500 a kowane gida, don kada a ce an zaɓi masu ƙwazo an tara wuri ɗaya. Gida na farko aka koya musu darasin kasuwanci na yau da kullum, irin su riƙe littafin lissafi da talla. Gida na biyu aka koya musu tashi da kai, watau mutum ya fara abu ba sai an sa shi ba, ya nemi abin da zai bambanta kayansa da na maƙwabta, ya hango matsala kafin ta zo, in ya faɗi ya duba dalili ya sake. Gida na uku ba a koya musu kome ba a lokacin, don a sami abin gwamawa. Aka bi su shekara biyu. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ribar gida na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta gida na farko kuwa kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a tabbatar ba sa'a ce kawai ba.

Sai dai bisa ga abin da muka gaya wa Malam na Maraɗi, dole mu ƙara da cewa da aka koma Lome bayan kimanin shekara bakwai, amfanin yana nan amma maza suka fi mata cin moriyarsa, kuma da aka gwada irin wannan horo a ƙasar Jamaika, amfanin da aka gani da farko bai kai shekara ba. Ke nan ba laya ba ce. Abin da za ki ɗauka shi ne, tashi da kai abu ne da ake koya ta hanyar yi. Ki ware mata tiya biyu ta gyaɗa su zama nata, ita za ta saya, ta soya, ta sa kuɗi, ta nemi masu saye, riba tata faɗuwa tata. Kowace Juma'a ku zauna ta gaya miki abin da ta gwada sabo da abin da ya ba ta matsala, ke kuma ki daure ki bar ta ta nemo mafita kafin ki sa baki. Bayan wata shida za ki san abin da babu takardar da za ta gaya miki.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako, lokaci ya yi halinsa. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su ƙara haƙuri, suna nan a ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace wasiƙa, a kuma rubuta ta yadda za ta karantu. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Ku huta lafiya.